Yadda Ake Yanka Ragon Suruki a Cikin Kwamfuta

Kai mai kwamfuta a gida, gyara zama. In ka bi abin da zan shimfiɗa maka a nan daki-daki, na ɗaukar maka alkawari: ɓarawon da ke zaune cikin na'urarka yana kwashe maka kalmar sirri zai fita, matarka tana ɗakinta, surukinka kuma yana amsa gaisuwarka. Hanyar nan ba ta taɓa ƙi ba. Sau ɗaya aka gwada ta, gaskiya, amma ta ci.

Kada ka nemi takardata. Aji uku na yi a firamare, malam ya ce ko ni ko shi, aka duba aka ga shi ne mai albashi. Sunana Shu'aibu, buhu nake sayarwa a Tudun Wada nan Gusau, rumfata kuma tana kallon tagar falon Alhaji Dalhatu mai fatu. Duk abin da za ka karanta a kansa aka gwada shi, a daminar bana, ina zaune ina ɓarar gyaɗa. Wanda ya daɗe a bakin mahauta, ko bai taɓa riƙe wuƙa ba, ya san inda gaɓa take.

Kafin mu fara, ka san abokin gabarka. Masu boko suna da sunan da suke kiransa, ni ɓarawon zaune nake ce masa. Ba ya haura katanga, ba ya fasa ƙofa. Zuwa yake da fuskar abin sha'awa, kai da hannunka ka ɗauko shi ka yi masa shimfiɗa. Daga nan sai ya zauna yana kallon yatsunka.

Mataki na ɗaya: Ka samu suruki mai hannun kyauta

Ba a korar ɓarawon da bai shigo ba, saboda haka fara da shigo da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ta suruki.

Na Dalhatu shi ne Alhaji Tambaya na Tsafe, tsohon farken goro. Kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya, ɗayan ma sai an yi masa sallama da ƙarfi. Shi ya ba Dalhatu 'yarsa Wasila tun Dalhatu yana yawon sayen fata a kan keke, ana jin warinsa kafin a ga keken. Har gobe Dalhatu ba ya cin abinci a gabansa, ba ya zama a kujera in yana nan, ba ya kuma furta sunansa. Ko a kasuwa in zai nemi bayani, sai ka ji ya ce, "Ina da neman sani."

Da aka ba mu jiha, gari ya cika da manyan motoci, Dalhatu ya ga shi ma ya kamata ya cika da wani abu. Ya sayo kwamfuta, ya haɗa ta da wayar tarho, yana kiran wani kamfani a Kaduna su sada shi da intanet don ya riƙa aika wa wani Bature mai sayen fata saƙo. Masu irin wannan a gida a duk faɗin Gusau ba su cika mota ɗaya ba.

Tsohon ya ji labari. Ya ga bai dace ya zo ganin kayan suruki hannu rabbana ba. A wata tafiya Kurmi, wani mai talla a Legas ya sayar masa da faifan kwamfuta, ya naɗo shi a ganyen goro don kada ya bushe, ya kawo tsaraba. Aka sa. Sai ga rago fari, mai ƙaho murɗaɗɗe, ya leƙo daga gefen gilashi, ya taka rubutu ya wuce, ya sauka ƙasa ya yi kiwo, ya ɗaga kai ya ce "mee".

Tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga ranar, duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya shigo Gusau ganin ragonsa. Ya zauna a kujera yana shafa gilashi, Dalhatu na durƙushe a gefe, mu kuma muna taga.

Hikima: kyautar da ba ta cin ciyawa, ka binciki abin da take ci.

Mataki na biyu: Ka ga alamu, ka yi musu fassara mai daɗi

Alamun ba sa ɓuya. 'Yar fitilar da ke jikin akwatin waya, wanda ke sada kwamfuta da tarho, za ta riƙa ƙifta ido ba wanda ya taɓa ta. Ka ce damina ce. In ka kira Kaduna za a ce maka ai kana ciki tun ɗazu. Ka ce mutanen Kaduna ba su da lissafi.

Haka Dalhatu ya yi ta yi har ranar da Baturensa ya rubuto yana yi masa ta'aziyya. Ya ce ya samu saƙonsa, ya yi baƙin cikin jin rasuwar mahaifinsa minista, amma shi ba zai iya taimakawa a fitar da akwatunan da marigayin ya ɓoye ba, kuma cinikin fata a dakata tukuna. Uban Dalhatu majemi ne a Wanke. Da ya rasu wuƙa biyu ya bari da jaki mai ɗingishi.

Kashegari mutanen Kaduna suka bugo. Suka ce wani yana shiga da sunansa da kalmarsa yana yi wa Turawa wasiƙun damfara. In abin ya ci gaba za su rufe layin, su miƙa sunansa inda ake miƙa irin waɗannan sunaye.

Dalhatu ya ajiye waya ya zauna. Shekarun da ya yi yana wanke warin fata daga sunansa ya tuna. Ga shi an samo masa wani warin da sabulu ba ya fitarwa.

Mataki na uku: Ka bar jaki, ka doki taiki

Kada ka kuskura ka fara da zargin na'ura. Na'ura da tsada, mutane kuwa ga su nan a arha.

Dalhatu ya tara maigadi da direba ya ce su rantse. Maigadi ya rantse, ya ƙara da cewa shi ko rediyo sai an kama masa tasha. Direba ya rantse, ya ajiye makullin mota a kan tabarma, ya ce gidan da ake sa shi rantsuwa kan abin da bai san kamanninsa ba ya fi ƙarfinsa. Ya koma garinsu. Garinsu kuwa Tsafe ne. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sannan aka aika Kekun Waje aka ɗauko Manu, Bafulatanin da ke kiwon shanun Dalhatu, wanda in an kore saniya yakan bi sawu har inda sawun ya ƙare. Manu ya jingina sandarsa, ya duba bayan na'ura, ya kama waya ya bi ta. Ta bi bango ya bi, ta fita taga ya fita ƙofa, ta hau falwaya ya tsaya ya ɗaga kai.

"Alhaji, sawu ya hau sama," ya ce. "Ni kuwa ban taɓa bin wadda ta hau falwaya ba."

Da zai fita ya tsaya gaban gilashi ya daɗe yana kallon ragon. Ya ce, "Wanga dai kullum shina kiwo, amma ban ga kashinshi ba. Ina yake kai abin da ya ci?" Aka yi dariya aka ba shi goro. Kai ma in an yi maka irin wannan magana, ka yi dariya ka ba da goro.

Mataki na huɗu: Ka sauya kalmar sirri, rago yana kallo

Wannan shi ne matakin da kowa ya fi so, domin mutum yakan ji kamar ya yi aiki.

Ka zauna, ka bar ragon yana yawo a gilashi, ka zaɓi sabuwar kalma. Ka sa sunan ubanka. In an sace, ka sa na garinku. In an sace, ka sa lambar motarka, wadda ke rubuce gaba da baya tana yawo a gari. Ka danna da yatsa ɗaya, kana faɗin kowane harafi da baki don kada ka ɓata, taga a buɗe saboda zafi.

Dalhatu ya sauya har dangi suka ƙare ya koma sunayen shanu. Duk wadda ya sa da safe, kafin la'asar wani yana can yana amfani da ita. Tamkar mutum ne ya kira maƙeri ya sauya kwaɗon ƙofa, ɓarawon yana cikin ɗaki yana riƙe masa fitila.

Mataki na biyar: Ka kira injiniya, ka ƙi maganarsa

Daga Kaduna aka kira shi, Injiniya Adamu, mai kwat da jaka da ƙamshin turare, irin mutanen da ke gaishe ka suna duba agogo. Ya zauna ya danna nan ya danna can, ya sa nasa faifan, ya jira. Can sai ya nuna gilashi da biro.

"Alhaji, wa ya sa wannan?"

Dalhatu ya dubi silin. "Wani babba."

"Babba ko ƙarami, ga ɓarawonka."

"Injiniya, rage murya."

"Ragon nan riga ce kawai. A ƙarƙashinsa akwai wani abu da ke rubuta duk harafin da ka danna. Da zarar ka haɗa waya sai ya aika wa ubangidansa. Maganin ba wuya. A zare waya tukuna. A goge shi, a wanke na'urar tas. Bayan an wanke, ba kafin ba, ka sa sabuwar kalma. Faifan kuma a karya shi."

"A karya?"

"A karya."

Dalhatu ya share gumi. A ransa yana ganin Juma'a tana tahowa da rawani da sanda. Ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ba yadda za a yi a cire satar a bar ragon?"

"Alhaji, kai mai fatu ne. Ka taɓa cire wari ka bar fata ɗanya?"

A nan sai ka ce wa injiniya ka ji, ka gode, ya yi duk abin da ya faɗa ban da na ƙarshe. Faifan a mayar da shi cikin kabet ɗin uwargida, bayan kwanukan samira, inda ake ajiye abin da ake girmamawa.

Mataki na shida: Ka yanka ranar Asabar, ka tayar ranar Juma'a

Adamu ya wanke na'ura ranar Asabar. Rago ya tafi, fitila ta daina ƙifta ido, Dalhatu ya ci tuwo har da ƙari. Lahadi lafiya, Litinin lafiya. Ran Alhamis ya tuna gobe Juma'a, ya ture kwanon tuwo.

Juma'a tsoho ya iso, ya zauna, ya gyara babbar riga, ya dubi gilashi. Ba kowa sai shuɗin fili.

"Mai fatu, ina ragona?"

Ka lura da kyau, domin a nan gwaninta take. Magana ɗaya ce tsakanin Dalhatu da zaman lafiya. Ya buɗe baki. Ya dubi hannun tsohon, hannun da ya karɓi sadakinsa lokacin da ba wanda zai ba shi ko aron tabarma. Ya rufe baki. Ya tashi ya shiga ciki, ya ɗauko faifai daga bayan samira, ya sa da hannunsa.

"Mee," in ji rago.

Za ka ce ai sai a bar waya a zare muddin ragon yana nan. Adamu ma haka ya ce. Amma tsohon, in ya gama da rago, sai ya ce a kira masa Turai jama'a su gani. Ƙarar nan da akwatin waya ke yi in yana neman Kaduna, kamar ana yanka agwagwa a cikin garwa, ita kaɗai ce a duniya kunnensa ke ji tangaram ba a maimaita ba. Wa zai hana shi? Sai a haɗa waya, Dalhatu ya danna sabuwar kalma, rago ya karɓa ya aika gida.

Haka aka yi ta yi. Asabar a yanka, Juma'a a tayar. Adamu ya gaji da hanya ya kama ɗaki a Sabon Gari, har ya fara neman aure. Wata Juma'ar ma tsohon ya ce a ba shi aron faifan zai nuna wa wani. Dalhatu ya miƙa da hannu biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Mako na zagayowa faifai ya dawo bayan samira.

Mataki na bakwai: Ka tura mace gaba

In ka rasa ƙarfin hali, ka tuna ka yi aure.

Dalhatu ya sami Wasila tana tsince shinkafa, ya zauna kusa da ita, abin da rabonsa da yi tun suna gidan haya.

"Hajiya, da ma cewa na yi, ke da Baba ai ba a shiga tsakaninku."

"Mi kake so?"

"Ragon nan ne. Da za ki ɗan nuna mashi, cikin hikima..."

"In nuna mashi mi? Cewa ya hau mota tun daga Legas da ɓarawo a aljihu ya kawo gidan ɗiyarshi?" Ta watsar da tsakuwa. "Ranar da anka kawo, wa ya ce bai taɓa ganin kyauta irin wagga ba? Wa ya ce ko ɗa anka haifa mashi iyakar murnar ke nan?"

"Ai ladabi ne."

"To ci gaba da ladabi. Ubana ne, amma ragonka ne. Abu guda zan gaya maka, Alhaji. Ran da tsohon nan ya fita gidan ga da kunya a fuska, ni ce mai riƙe mashi jaka."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Wannan mataki ba ya aiki. Na sa shi ne don kada ka ce ban gaya maka ba.

Mataki na takwas: Ka yi ƙarya, ka jira ƙarshen duniya

Ka ce babu wuta. A garin nan wannan ƙarya ce mai kama da gaskiya, har takan zama gaskiyar kana cikin faɗinta. Dalhatu ya gwada. Juma'ar da ta biyo sai ga tsoho da janareto a bayan mota, ya ce kyauta ce, kada rago ya zauna a duhu. Yanzu kyauta ta zama biyu, bakin Dalhatu ya ƙara nauyi.

Sai ya koma ga rediyo. Ana ta faɗin cewa in shekarar dubu biyu ta shigo kwamfutocin duniya za su rikice su mutu. Kowa na fargaba, Dalhatu na addu'ar Allah ya sa da gaske ne. In na'ura ta mutu da ragon a ciki, ai ajali ne, ba wanda zai ce shi ya yanka. Ya tambayi Adamu ko akwai yadda za a matso da ranar. Adamu ya ce a'a.

Mataki na tara: In tsoho ya zo ranar Talata, ka yi magana da ragon

Suruki mai zuwa Juma'a, in ka gan shi ranar Talata da hantsi, kada ka tsaya tambayar lafiya. Babu.

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, bayanta wayam, an share shi har da shimfiɗa tabarma. Duk wanda ya taɓa ganin an kwashe kayan mace ya san irin wannan shara. Alhaji Tambaya ya shiga falo. Aka kawo ruwa bai sha ba. Wasila ta leƙo ta gaishe shi, ya ce ta koma ciki ta jira.

"Mai fatu," ya ce, da muryar kurma wadda ba ta san asiri ba, "a kasuwar Tsafe anka tare ni. Direbanka ya ba da labari, gari ya ɗauka. An ce surukina ya zama ɗan damfara, ɗan fo-wan-nain, shina rubuta ma Turawa ƙarya, har ya maida ubanshi minista. Ni ɗan majemi na ba ɗiyata, ban ba ɓarawo ba. Ka gaya mani gaskiya. In babu gaskiya, motar ga ba ta komawa wayam."

Gaba kura, baya siyaki. In Dalhatu ya yi shiru, shi ne ɓarawo, mata ta tafi. In ya dubi tsohon ya ce kai ka kawo ɓarawon, ya kunyata shi, mata ta riƙe jaka. Yana durƙushe yana jin ƙarar kwanuka daga ciki, bai sani ba ko girki ake ko haɗa kaya.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Dalhatu ya ja gwiwa zuwa gaban na'ura, ya zare waya, ya aika aka karɓo faifai daga ciki, ya kunna. Rago ya fito yana taku. Dalhatu ya juya wa surukinsa ƙeya, ya nuna gilashi da yatsa, ya ɗaga murya yadda har a rumfata ba mu rasa ko harafi ba.

"Kai rago! Ba ka kyauta ba! Mutumin kirki ya ɗauko ka tun daga Kurmi, ya kawo ka gidan da ake ganin girmanshi. Munka karɓe ka hannu biyu. Ashe kai ɓarawo ne! Kai ka kwashe kalmata kana kai ma 'yan damfara suna ɓata mani suna! Ka ci amanar wanda ya kawo ka, rago. Shi bai sani ba. Wallahi bai sani ba!"

Rago ya sauka ƙasa ya yi kiwo, ya ɗaga kai ya ce "mee".

Tsoho ya jawo kujerarsa gaba. Bai dubi Dalhatu ba, shi ma ragon ya duba.

"Rago, tambayi maigidanka, tun yaushe ya san halinka?"

"Rago, ce mashi tun farkon damina."

"Tun farkon damina." Tsoho ya gyaɗa kai. "Rago, ce mashi anka yi shuka, anka yi noma, anka yi maimai, gero ya fidda kai, ni ina zuwa duk Juma'a ina shafa ɓarawo gaban jama'a, shi yana durƙushe yana kallona. Ce mashi faifan da na ara, ɗan aminina na kai ma a Bungudu, mai shagon buga takardu. An rufe mashi layi, ubanshi ya daina amsa sallamata, ban san dalili ba sai yau. Tambaye shi, rago, wannan kunya ce ko mugunta?"

"Rago, ce mashi kunya ce."

"Ce mashi wanda ya ga kashin kaza a rawanin tsoho ya bar shi ya shiga kasuwa, ba tsohon ya ji ma kunya ba. Kanshi ya ji ma tsoro."

Dalhatu ya sunkuyar da kai.

Sai murya ta fito daga bayan labule. "Rago, in kun gama, ka tambaye su, in kwashe tuwo ko in ɗaure kaya?"

Tsoho ya yi gyaran murya. "Ce mata ta kwashe tuwo."

Mataki na goma: Ka bar mai rago ya yanka, ka kai cinya

Aka kira Adamu. Ya shirya komai, ya nuna maɓallin da za a danna. Alhaji Tambaya ya ce ba mai taɓawa sai shi, shi ya kawo. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya danna. Faifan kuma ya sa a ƙasa ya taka da dunduniya har ya ce ƙaras. Adamu ya wanke na'ura tas, ya yi alkawarin zuwa Bungudu ya wanke ta can, da fuskar mutumin da aka kashe wa kasuwa.

Dalhatu ya fara sakin numfashi. Kada ka yi saurin sakin naka.

"To," in ji tsoho yana sauke hannun riga, "an yanka rago a gidan ga. Ni kuwa tun da nike ban taɓa jin an yanka rago gidan suruki ba a kai cinya Tsafe ba."

Ba wasa a fuskarsa. Dalhatu ya sa takalmi ya ruga kara, kasuwar dabbobi, ya jawo rago na gaske, fari, mai ƙaho murɗaɗɗe, wanda ya fi kowanne tsada, domin dillalai sun ga yana haki. Kafin la'asar an feɗe. Cinya ɗaya ta Tsafe, ɗaya ta Bungudu ta ban haƙuri. Aka shimfiɗa su a kan tabarmar nan ta bayan a-kori-kura. Tsohon bai yi ƙarya ba, motar ba ta koma wayam ba.

Mataki na ƙarshe: Ka sa sabuwar kalma, kada ka gaya wa kowa

Adamu ya ja wa Dalhatu kunne. Ba sunan uba, ba na gari, ba na saniya. A gauraya haruffa da lambobi yadda ko mai ita sai ya yi tunani. Kada ya faɗa wa kowa, ko matashin da yake kwana a kai.

Dalhatu ya kori kowa daga falo. Ya rufe taga, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya danna kalmar, bakinsa a rufe. Ya fito yana tafiya kamar wanda aka sauke wa buhu.

Ya raka surukinsa mota, ya buɗe masa ƙofa, ya durƙusa. Unguwa ta taru sallama: mai shayi, maigadi, Adamu da jakarsa, da ni. Wasila na tsaye a zaure. Tsoho ya zauna, ya gyara rawani, ya leƙo ta taga.

"Mai fatu, sabuwar kalmar. Kawo in aje maka. Na ga hannunka bai da riƙo."

Dalhatu ya dubi Adamu. Adamu ya dubi hadari. Dalhatu ya dubi zaure, Wasila ta gyara mayafi ta zuba masa ido. Ya miƙa wuya ya raɗa a kunnen tsohon.

"Mi kac ce?"

Ya sake raɗawa.

"Ɗaga murya! Ba da rago kake magana ba yanzu!"

Ya ɗaga. Harafi bayan harafi, lamba bayan lamba. Tsoho ya maimaita da ƙarfi don ta zauna, ya sa direban a-kori-kura ya maimaita don ya riƙa tuna masa, mai shayi ya gyara musu inda suka yi kuskure. Mota ta tashi.

Ba ruwana

Wannan ita ce hanya, kuma ka ga ta ci: rago ya mutu, mata na ɗakinta, suruki na amsa gaisuwa. In ka bi ta taka matar ta hau mota, ko surukinka ya nemi sa maimakon rago, ko aka zo daga Kaduna da ankwa, kada ka doso rumfata. Ban sayar maka da kwamfuta ba, ban zaɓa maka suruki ba, ban kuma ce ka karɓi shawarar mai buhu ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Kalmar Alhaji Dalhatu kuwa ba za ka ji ta daga gare ni ba, ni mutum ne mai amana. In ta matsa maka, je Tsafe ranar kasuwa ka tsaya kusa da rumfar goro. Ba sai ka tambayi kowa ba. Tsohon yana bitarta don kada ya manta.